Kaɗaici Ya Ishe Ni a Tsibirin Girka: In Kawo Matata Ko In Tattara In Dawo?

Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan Zariya ne, shekarata 31, ina rubuta wa wani kamfani da ke Jamus manhajar kwamfuta, daga ɗaki nake aikin ta intanet. A Agustan bara na samu bizar masu aiki daga nesa ta ƙasar Girka, na sauka a wani ƙauye na kan dutse a tsibirin Naksos, don haya ta fi ta Jamus sauƙi kuma wurin ya burge ni a hoto. Da farko komai daɗi. Yanzu ga Janairu, ƙauyen ya zama kamar kufai. Shaguna a rufe, ruwan sama da iska ba dare ba rana, bangon ɗakina ya yi fumfuna. Nakan wuni in kwana, har a jera kwanaki, ban yi magana da kowa baki da baki ba. Barcina ya lalace, sallar asuba ta fara kuɓuce mini, Juma'a kuwa rabona da ita tun a gida. Mai gidan ya ce in fita a ƙarshen Mayu zai saka masu yawon buɗe ido. Matata tana Zariya da cikin fari wata biyar, kullum maganarta in kawo ta ta haihu a nan. Abin da ke shigo mini a wata bayan an cire komai yuro 4,400 ne. In kawo ta ko kaɗaicin ya ragu, ko in haƙura in dawo? Ina jin kunyar a ce na kasa.

Ƙaninka daga Naksos.

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya sauki iyalinka lafiya, ya raba su lafiya. Ga amsata tun daga farko: kada ka kawo matarka ƙauyen nan da cikin nan, kuma kada ka yanke shawarar komawa gida a tsakiyar Janairu. Wurin zamanka ne yake buƙatar canji, da kuma yadda kake zaman.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne barci da asuba. Mutumin da ya saba tashi salla, ya wayi gari jikinsa ya ƙi, ga rashin magana da mutane, ga barci a hargitse, wannan ba lalaci ba ne, kuma kada ka ɗauke shi raunin imani kaɗai. Haka ciwon damuwa yake sallama. Idan ya wuce mako biyu a haka, ko abinci ya fita ranka, ko aikin da kake so ya zame maka nauyi, ka ga likita. Ƙauyukan Girka da yawa suna da ɗan ƙaramin asibitin karkara, inda ake turo sababbin likitoci su yi hidimar ƙauye, akasarinsu matasa ne masu jin Turanci. A garin Naksos kuma akwai asibiti. Idan wani dare tunani ya kai ka inda kake tsoron kanka, lambar gaggawa 112 ce. Na faɗi wannan da farko ne don duk sauran shawarar ba ta da amfani in kai ba ka da lafiya.

Ba kai kaɗai Agusta ya ruɗa ba. A watan nan ne duk Girka take hutu, 'yan asalin ƙauye da ke zaune a Atina, babban birnin ƙasar, suke dawowa da 'ya'yansu, ranar 15 ga wata a yi babban bikin coci, a yi kiɗa da rawa a dandali har gari ya waye. Wanda ya zo a lokacin sai ya ɗauka haka garin yake. Alhali mutanen da ka gani, mafi yawansu baƙi ne irinka ko 'yan hutu. Ƙauyen gaskiya shi ne wanda kake gani yanzu, na tsofaffi da makiyaya da 'yan yara kaɗan a makaranta. Mu kuma mun saba sanyinmu busasshe ne, da rana da ƙura. Nasu damina da hunturu a haɗe suke zuwa, daga Nuwamba zuwa Maris, kuma gidajen dutse na tsibiran nan an gina su ne don su tare zafi. Shi ya sa fumfuna. Ka sayi na'urar tsotse danshi a garin Naksos a makon nan, ka riƙa buɗe taga in rana ta fito, ka janye gado daga jikin bango. Kuɗin wuta zai ƙaru, amma ƙirjinka ya fi kuɗin.

Yanzu maganar iyalinka, wadda ita ce zuciyar al'amarin. Ka ɗauki biro mu yi lissafi. Dokar da ta kawo wannan biza a 2021 ta ce mai nema ya nuna yuro 3,500 a wata. In zai zo da mata a ƙara kashi 20 cikin ɗari, kowane ɗa kuma kashi 15. Kai da ita ke nan yuro 4,200, ka haye. Da jariri ya zama 4,725, ba ka kai ba. Ka sa lauya mai aikin shige da fice ya tabbatar maka da adadin da ake aiki da shi yau, tunda sabuwar dokar baƙi ta fara aiki a 2024, amma ka ga inda gizo ke saƙar. Kafin ka yi wa kowa alƙawarin tikiti, sai ka nemi ƙarin albashi ko wani aikin gefe daga wajen Girka wanda za ka iya nuna takardarsa. Na ce daga waje, domin bizarka ba ta ba ka damar yi wa kamfanin Girka aiki ba, ita ma matarka in ta zo ba ta da izinin aiki.

Ko da kuɗin sun kai, ban yarda ta zo ta haihu a ƙauyen ba. Lissafinka ya nuna haihuwa a Mayu, watan da mai gida ya ce ka fita. Cikin fari ne. Daga Naksos zuwa Pireyas, tashar jiragen ruwa ta Atina, awa biyar zuwa shida ne a babban jirgin ruwa, kuma in iska ta yi ƙarfi hukumar tasha tana hana jirage tashi gaba ɗaya, wani lokaci fiye da kwana ɗaya. Matan tsibiran da kansu, da yawa sukan tafi Atina tun kafin watan haihuwa ya kama, su zauna wurin dangi, saboda in abu ya rikice sai an nemi jirgin sama ya ɗauki mace. Su da ke da uwa da inna da harshe ke nan. Taka matar fa? Za ta sauka inda ba ta jin ko gaisuwa, kai kana gaban kwamfuta awa takwas, ba mai dafa mata ruwan wanka, ba mai dama mata kunun kanwa, ba mai karɓar jariri ta runtsa. Ga inshora: kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar nauyin cikin da aka riga aka shigo da shi. Kaɗaicin da ya kayar da kai, kana namiji mai aikin yi da Turanci a baki, shi kake so ka raba da mai jego. Ba raguwa zai yi ba, ƙanena, ninkuwa zai yi.

Na san abin da ake faɗa a gida, cewa in an haifi yaro a Turai ya zama ɗan ƙasa. A Girka ba haka ba ne, jini suke bi. Ɗan wasan ƙwallon kwandon nan Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, a Atina aka haife shi a 1994, amma bai samu takardar zama ɗan ƙasa ba sai a 2013. Dokar 2015 ta buɗe wa 'ya'yan baƙi hanya ta karatu a makarantun ƙasar da daɗewar zaman iyaye, wannan kuwa maganar shekaru ce. Idan wannan ne ke cikin ran matarka ko na iyayenta, ka warware musu shi a hankali. Ta haihu a Zariya kusa da mahaifiyarta, ta yi arba'in ɗinta cikin gata, a yi wa yaro fasfo, sannan a shigar da takardunsu a ofishin jakadancin Girka da ke Abuja.

To ina za ka kai su in lokacin ya yi? A nan ne nake so ka sake tunani. Kai ka zaɓi wuri da ido, yanzu ka zaɓa da buƙata. Abin da za ka tambaya game da kowane tsibiri shi ne yadda yake a Fabrairu: akwai babban asibiti, akwai jirgin sama zuwa Atina kullum, akwai mutanen da ke zaune shekara cur, akwai inda ake kiran salla ko aƙalla ake haɗa sahu. In ka auna da wannan, ni Rodos zan nuna maka, sai Kos a bayansa. Dalilin yana cikin tarihi. A 1923, bayan yarjejeniyar Lozan, Girka da Turkiyya suka yi musayar jama'a, aka kwashe Musulmin mafi yawan Girka zuwa Turkiyya. Rodos da Kos a lokacin suna hannun Italiya, ba su koma Girka ba sai bayan yaƙin duniya na biyu, a 1947, don haka musayar ba ta shafi Musulminsu ba. Jikokinsu suna nan har yau, 'yan dubbai, masu jin Turkanci da Girkanci. A tsohon garin Rodos akwai masallacin Ibrahim Fasha, ginin ƙarni na 16, ana salla a cikinsa. A Kos akwai ƙauyen Platani, dab da gari, inda Musulmi da Kirista suke zaune tare. Rodos tana da mutum sama da 100,000, da babban asibiti, da sassan Jami'ar Ejiyan, wato akwai ɗalibai da malamai ko a hunturu. In ƙauye kake so, akwai irin su Koskinu, tafiyar 'yan mintoci a mota daga gari. Ka samu shirun da kake nema don aiki, ranar Juma'a kuma ka shiga sahu.

Ba aljanna na kwatanta maka ba. Can ma masu gidaje suna kwaɗayin kuɗin baƙin bazara, kuma a Yulin 2023 gobarar daji ta sa an kwashe dubban mutane daga kudancin tsibirin. Akwai kuma abin da ya shafe mu mu baƙaƙen fata. Tsibiran gabas suna kallon gaɓar Turkiyya, ta nan mutum sama da 800,000 suka tsallako Girka a 2015, kuma har yanzu kwale-kwale suna zuwa. Wani zai gan ka ya ɗauka daga sansanin 'yan gudun hijira ka fito, ɗan sanda zai iya tsayar da kai ya nemi takarda. Ka riƙa yawo da shaidarka, ka amsa cikin natsuwa. Kuma kada wannan ya sa ka ƙyamaci waɗancan bayin Allah don a bambanta ka da su. Wataƙila su ne za ka tarar a sahun gaba a masallaci.

Ka je ka gani da idonka a Fabrairu ko Maris, ka yi mako guda kana aikinka daga can. A lokacin ne ake samun gida, domin daga Afrilu kowa ya juya ga baƙi. Ka nemi hayar shekara cur, ka faɗa da bakinka cewa har da Yuli da Agusta. Mai gida ya shigar da yarjejeniyar a shafin hukumar haraji, kai kuma ka amince da ita da lambar harajinka ta AFM. Wannan takardar ce za ka nuna a matsayin adireshi in ka zo neman izinin zama na shekara 2, wanda dole ka nema kafin bizarka ta ƙare a Agusta. Kafin ka sa hannu ka gwada intanet a cikin ɗakin da za ka zauna, ba a bakin ƙofa ba, don bangon dutse yana cinye sabis, ka kuma ajiye layin waya na wani kamfani daban saboda ranar da ɗaya ya ɗauke. Game da mai gidanka na yanzu, wani zai ce maka dokar Girka ta ba hayar gidan zama na dindindin shekara 3 mafi ƙaranci. Haka ne. Amma in tun farko kun yi da shi zuwa Mayu ne, ka cika alƙawari ka fita lafiya. Shari'a da ɗan gari a ƙauyen da kowa ɗan uwan kowa ne, ko ka ci ka faɗi.

Haraji kuma kada ka yi wasa da shi. Wanda ya wuce kwana 183 a Girka cikin shekara guda ana lissafa shi mazaunin ƙasar ta fuskar haraji, kai kuwa ka kusa. Ka nemi akanta, ka kai masa takardar aikinka da kamfanin Jamus, ya gaya maka ina za ka biya da nawa.

Saura wata huɗu da ke gabanka a ƙauyen, kuma ba na so ka yi su a kulle kana ƙirga kwanaki. Ka yi tunanin yadda mutanen nan suke ganinka. Baƙo ya zo, ba ya noma, ba ya kiwo, ba ya buɗe shago, fitilarsa a kunne har tsakar dare, kuɗi kuma ba sa yanke masa. Aikinmu na kwamfuta ba ya ganuwa, wanda kuma ba a ga aikinsa ba a ƙauye, ba a san inda za a ajiye shi ba. Tambayar farko da tsohon Bagirke yake yi wa baƙo ita ce ɗan wane ne kai. Ba su ƙi ka ba, ba su san ka ba ne, kuma sun saba baƙo in Satumba ta yi sai ya ɓace, don haka ba sa saurin saka rai.

Kowane ƙauye yana da gidan kofi da suke kira kafeniyo, wanda ba ya rufewa ko a hunturu. Shi ne majalisarsu, kamar dai tabarmar ƙofar gida da dattawa ke zama a kai bayan la'asar a Zariya: a nan ake jin wanda ya rasu, da farashin cuku, da ko jirgi zai zo gobe. Agogon Girka yana gaban na Jamus da awa ɗaya, wato in abokan aikinka sun zauna ƙarfe 9, kai 10 ta yi. Wannan awa ta safe kyauta ce aka ba ka. Ka yi asuba, ka yi wanka, ka sa kaya kamar mai zuwa ofis, ka tafi can a lokaci guda kullum. Ka ce kalimera, wato ina kwana, da ƙarfi ga kowa in ka shiga, ka zauna, ka sha kofi, ka bar wayar a aljihu. Makon farko kallo kawai za ka sha. Ka ci gaba. Wata rana za ka tashi biya a ce wane ya biya maka. Kada ka yi musu, ka gode, gobe ko jibi kai ma ka biya masa. In aka miƙo maka giyarsu ta raki, ka dafa ƙirji ka ce addininka ya hana, ka karɓi kofi ko alewar 'ya'yan itace a madadinta. Sau ɗaya za ka faɗa, gari duka ya ji. Abin da ke ɓata musu rai shi ne ka ƙi karɓar komai.

Ka nuna musu hoton mahaifinka da na matarka, ka ce ana jiran haihuwa a Mayu. Za ka sha mamaki. Tsofaffin nan kusan kowanne yana da wanda ya tafi ci-rani Jamus, ko Amurka, ko Ostireliya a shekarun 1960, wasu su da kansu suka je suka dawo. Sun san zafin barin mata da ciki a tafi nema. Ka koyi haruffansu 24, ka samu malamin Girkanci ta intanet sau biyu a mako, ka riƙa gwada abin da ka koya a kansu suna gyara maka. In an yi rasuwa ka je gaisuwa. In maƙwabci yana aikin gona ko gyaran garke ranar Asabar, ka ba da hannu. Ka kiyaye lokacin hutunsu na rana, daga wajen 3 zuwa 5 da rabi, ba a buga ƙofa ba a ɗaga murya. Zumunta a ƙafa take, a can ma haka ne. Akwai kuma mutum biyu da nake so ka nema musamman: malamin makarantar ƙauyen da likitan karkara. Sau da yawa su ma turo su aka yi daga wani gari, sa'anninka ne, suna jin Turanci, kuma dare yana yi musu tsawo kamar yadda yake yi maka.

Maganar Juma'a kada ta zame maka abin zargin kai. A mazhabarmu ta Malikiyya Juma'a sai da mutum 12 mazauna ban da liman, wanda kuma yake inda babu jama'a azahar zai yi. Ka tabbatar wurin malaminka na gida don ranka ya kwanta. Amma rashin wajabci bai kawar da ƙishirwa ba, don haka in ka samu hali sau ɗaya a wata ka shiga Atina. Akwai masallacin gwamnati a unguwar Votanikos da aka buɗe a 2020, akwai ƙananan masallatai na baƙi, a unguwar Kipseli da kewayenta kuma za ka samu 'yan Afirka da shagunan naman halal, ka cika jaka ka kawo firiza. A ƙauye ka yi hattara da tsirensu, don mafi yawansa alade ne sai in ka tambaya. Miyar wake, da adas (wani ɗan ƙaramin wake), da kifi, da cukun Naksos da dankalinta sun ishe ka, kuma in azuminsu na kafin Ista ya kama za ka ga abinci marar nama ko'ina.

Kunyar a ce ka kasa kuwa, ka ajiye ta gefe, kada ta shiga lissafin. Aikinka a cikin jaka yake, albashin da ke shigo maka a Naksos zai shigo maka a Zariya ko Abuja in kamfaninka ya yarda kuma ka tanadi sola da intanet mai ƙarfi. In ka gwada Rodos ka ga ranka bai kwanta ba, ko kuɗin iyali ba su kai ba, komawa gida zaɓi ne mai daraja. Abin da na hana ka shi ne yanke shi yanzu, cikin duhu da rashin barci.

Ka kira matarka a daren nan ta bidiyo. Ka juya wayar ka nuna mata bangon, ka gaya mata gaskiyar halin da kake ciki, don na tabbata hotunan teku kawai take gani. Ka ba ta lissafin kuɗin kamar yadda na ba ka, ka gaya mata watan da kake sa ran shigar da takardunsu. Sannan ka tambayi lauyanka ko takardunka za su bar ka ka fita ka dawo a Mayu, da ta wace hanya, Istanbul ko Alƙahira. In sun bari, ka nemi hutu tun yanzu, ka kwashe kayanka zuwa sabon gida kafin tafiyar, ka je a raɗa sunan da kai.